Yakuwar Kurmi

Ranar Laraba nake fita da Enid.
Keken guragu, bargo biyu, shayi a gora,
mu gangara Hebden Bridge ta bayan tsohuwar masaƙa
har inda itatuwa suka haɗa kai,
rana ba ta shiga sai da sallama.

Shekarunta tamanin da tara.
Jiya ta kira 'yarta da sunan ƙanwarta marigayiya,
sau huɗu tana tambayata ko kyanwa ta ci abinci,
kyanwar da aka binne tun ina Malumfashi.
Amma ciyawa? Ko ɗaya ba ta ɓace mata ba.

"Tsaya, Hurera." Na ja birki.
Ta nuna gindin wani ruɓaɓɓen kututture:
ganye uku-uku, kowanne da tsaga a goshi,
farin fure mai siraran jijiyoyi
irin na bayan hannunta.
"Tsinko ɗaya. Tauna."

Na yi jim. Baƙo da cin abin daji?
Na yi bismilla, na sa haƙori.

Tsami!
Miyau ya tsinke, ido ya kawo ruwa.
Yakuwa ce, wallahi, ta sake riga,
ta rage tsawo, ta koyi zaman inuwa.
Sai ga ni bakin murhun Gwaggo Ladingo,
damina ta faɗi, rumbu ya yi ƙasa,
ana jiran fate ya huce.

Enid ta zaro littafi daga ƙarƙashin bargo,
busassun ganye a manne, shafi bayan shafi.
Ta ce dangin nan sun haura ɗari biyar:
wata a kudancin Afirka, furenta ruwan ƙwai,
wata a Barazil, ganyenta kamar an tsoma a shuni,
wata a duwatsun Feru tana saiwa, a haƙa a dafa,
ga mai rarrafe da ke tsaga siminti
tana harba iri kamar yaro da danƙo.
Uwa ɗaya, in ji ta, kowa da inda ya yada zango.

"Ke kuma fa? Faɗa mini naku."

Na gyara murya kamar mai hadda.
Tafasa. Yaɗiya. Gasaya. Lalo.
Tsidau da ke jiran mai tafiya ba takalmi.
Ƙarangiya, ba a gayyace ki ba kin biyo zane.
Nonon kurciya. Ƙaimin ƙadangare.
Tana rubutawa, hannu na rawa,
ƙa da ɗa sun ƙi zama a bakinta,
mu yi dariya mu sake.

Sai na zo kan wata, na tsaya.
'Yar ƙarama a gefen gonar gyaɗa,
in ka taɓa ta sai ta naɗe jiki.
Ina ganin ta. Ina ganin yatsana a kanta.
Sunan ne babu.
Shekara tara kacal a ƙasar sanyi,
har ɓera ya shiga taskata.

Daren nan na kira Gwaggo.
Waya na yankewa, awaki na kuka bayanta.
"Kama-walkinka!" ta ce. "Turai ta cinye miki kai?"
Na rubuta a tafin hannu
don kada ya sake gudu kafin safiya.

Laraba ta zagayo da yayyafi.
Enid ta dube ni kallon baƙuwa,
ta tambaya ko ni ce sabuwar yarinyar.
Na ce ni ce. Na gyara mata bargo.

A gindin kututture ganyen sun sunkuya,
uku-uku, a rufe kamar lema.
Ta daɗe tana kallo, ruwa na ɗiga daga hularta.
Can ta ɗaga sanda, ta nuna,
ta ce, a hankali, ba gargada,
"Kama-walkinka."

Ban gyara mata ba.
Na tsinki biyu, ɗaya nata ɗaya nawa,
muka yamutsa fuska tare.